Yadda Za Ki Tantance Abincin Otal Ba Tare Da Kin Sa Loma A Baki Ba

'Yar'uwa, matso kusa. Idan kika bi abin da zan shimfiɗa miki a nan daki-daki, na yi miki alkawari za ki je hutu otal na bakin teku, ki dawo birnin Antwerp da mutuncinki cur, sunan gidanku fes, siket yana zamewa daga ƙugunki don rama. Ban taɓa ganin wadda ta bi shi ta ji kunya ba. Yunwa dai ta ji, amma yunwa ba ta hana a auri jikokin mutum.

Ni ce Zissel, matar marigayi Fishel mai goge lu'ulu'u. Na koyar da ilimin sinadarai a makarantar 'yan mata har gashina ya yi fari ƙarƙashin hular gashi. Dokokin kosha kuwa, wato abincin da ya halatta gare mu Yahudawa, uwata ta koya min su da bayan ludayi: nama gefe, nono gefe, kowanne da tukunyarsa da cokalinsa. Wannan kowace yarinya ta sani tun kafin ta yi wawulo. Abin da ba a koyarwa a makaranta shi ne yadda za ki nuna wa teburin da ke kusa da naki cewa kin fi su tsoron Allah. Shi na zo koya miki.

Misalaina duk daga hutun bara na ɗebo su. Jikata Tsirel ta ga Getsel, ɗan Madam Tishler. An zaunar da su a falo sun yi hira, ta fito kunnuwanta ja wur, shi kuma ya fita ya manta lemarsa. Tana so, yana so. Saura uwarsa ta ce to. Uwar ta ce sai bayan hutu za ta ba da amsa, kuma, ikon Allah, sai ga shi ta kama ɗaki a otal ɗin da muka kama. 'Yata tana gida tana jego, don haka ni na raka yarinya. Ba wanda bai san abin da Madam Tishler ta zo gani ba. Ta zo ta ga abin da gidanmu ke kaiwa baki.

Mataki na ɗaya: Tsaya gaban takardar bango

A ƙofar ɗakin cin abinci za ki tarar da takardar shaidar cewa abincin kosha ne cikin gilashi, da tambarin rabbi, wato malamin addini, a ƙasa. Kada ki wuce ta. Tsaya. Ciro tabarau, goge shi da gefen gyale, ki sunkuya kamar mai duba sakamakon asibiti na wanda ba zai tashi ba.

Kada ki ce tana da kyau, za a ce ku masu sakaci ne. Kada ki ce ba ta da kyau, kin ɓata sunan malami, wannan zunubi ne babba. Ki ce kawai: "Hmm."

Na duba littattafan mijina kaf, ban ga inda aka haramta "hmm" ba. Kuma da shi kaɗai na ga an rufe gidan burodi.

Ranar da muka sauka, ina tsaye ina nawa "hmm" ɗin, sai na ji wani a bayan kunnena, ya fi nawa tsawo, ya fi nawa zurfi, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Na waiwaya, Madam Tishler ce.

"Madam Zissel, kun san shi?" Ta nuna tambarin da haɓa.

"Na san wanda ya san shi."

"Mutumin kirki ne."

"Ƙwarai kuwa. Ba wanda zai ce komai a kansa."

"Ba wanda zai ce," in ji ta. "Akwai ma masu cin abin da ya sa wa tambari."

A nan na gane cewa na gamu da gwana.

Mataki na biyu: Auna tambarin

Za a gaya miki cewa ana auna tambari da ilimin mai shi da tsoron Allahnsa. Wa ya taɓa yin haka? Ga ma'aunin da ake aiki da shi a zahiri.

Nisa. Rabbin unguwarku kin gan shi a kantin magani yana sayen maganin basir, yaya za ki amince masa da kazarki? Amma wanda ke wata ƙasa, wanda ba ki iya furta sunan garinsa, wannan ba ya kuskure.

Yawa. Tambari ɗaya, an yi rowa. Tambari uku, ki tambayi kanki: me na biyu ya gani da bai yarda da na farko ba, me na uku ya gani a kan su biyun?

Mafi inganci duka shi ne tambarin malamin da ya riga ya rasu. Ba a taɓa kama shi da laifi ba tun daga ranar.

Na ƙare rayuwata ina koya wa yara cewa ma'auni na gari shi ne wanda ke ba kowa amsa iri ɗaya. Wannan ma'aunin ya ci jarrabawa: kowa ya auna, amsar ita ce tambarin gidansu ne kawai mai kyau.

Mataki na uku: Yi tambaya, amma ba don ki ji amsa ba

Kira mai otal. Namu sunansa Meneer Staf, ɗan ƙasa ne, ba Bayahude ba, ya daɗe yana ba da otal ɗinsa gare mu a lokacin zafi, har fatar idonsa ta koyi rawa da kanta. Ɗaga murya yadda teburi uku za su ji.

Wa ya kunna murhu? Wa ya duba latas ko da tsutsa? A gaban taga ya duba ko a gaban fitila? Wa ya tsaya a kan saniya lokacin tatsa? Shi wanda ya tsaya ɗin, wa ya san kakansa?

Idan ya kasa amsawa, kin gama. Idan ya amsa daidai, ki juya ga maƙwabciyarki ki ce a hankali: "Kin ji yadda ya haddace?"

Mataki na huɗu: Sa ido kan mai sa ido

Yanzu mun zo ga babbar hikimar da iyaye suka bar mana, wadda kowace amarya ke ji kafin ta ji yadda ake dafa miya: kada ki dubi takarda, ki dubi mashgiya. Shi rabbi ya aiko ya zauna a kicin, shi ke riƙe da mukullin ɗakin nama, shi ke leƙa tukwane. In yana cin abincin, ki ci. In ba ya ci, ki gudu.

Mashgiyanmu Reb Anshel ne, ƙaton mutum, gemu har ƙirji, ciki ya riga shi shiga ɗaki. Da rana tsaka, ɗaki cike, an fara zuba miyar kaza, sai ga shi ya fito daga kicin ya zauna a lungu. Ya kwance wani ƙunshi. A ciki farantin tangaran ne mai shuɗin baki, ba irin na otal ba, na gida. A kan farantin, dafaffen karas da ɗan farin kifi kamar wanda aka wanke da sabulu.

Ya ci yana ajiyar zuciya. Aka wuce da tiren kugel, wainar dankalinmu, ta gabansa, dankali ya soyu ya yi ja, gefe ya ƙone daidai yadda ake so, mai yana tsastsafowa. Reb Anshel ya bi tiren da ido har ya ɓace, sai hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

Cokula suka koma kan teburi ɗaya bayan ɗaya. Wani mutum daga Landan da ya riga ya kai loma baki ya rasa yadda zai yi da ita, ya zauna kumatu a kumbure.

"Ya san wani abu," in ji wata.

"Dubi idonsa. Kuka yake mana."

Wani tsoho ya yi ƙarfin hali ya je. "Reb Anshel, lafiya ba ka cin na kicin?"

Reb Anshel ya waiga ƙofa, ya dawo da kai, ya ce, "Don Allah kada ku tambaye ni."

Shi ke nan. Madam Tishler ta ture kwanon miyarta da ɗan yatsa ɗaya, tana kallona. Na ture nawa da yatsa ɗaya, sannan na goge yatsan.

Mataki na biyar: Kada ki bincika

Wannan matakin gajere ne amma ki riƙe shi. Sani kaya ne, kuma a otal ba inda za ki sauke shi.

Ni malamar kimiyya ce, ciwon tambaya ba ya barina. Na lura da wadda ke tsaye a ƙofar da Reb Anshel ya waiga: wata 'yar siririyar mace, hannu a ƙugu. Matarsa ce, Krendel. Na same ta a benci a bakin ruwa tana saƙa, na zauna, na tambaye ta kai tsaye.

"Kicin? Me ya sami kicin?" in ji ta. "Kicin lafiyarsa lau. Shi ne ba lafiya. Hawan jini, Madam Zissel! Likita ya ce ba gishiri, ba mai, ba soye. An aike shi ya leƙa tukwane, shi kuma sai ya leƙa da cokali. Na ce masa, Anshel, ka ƙara ɗanɗana kugel ɗin mutane, ni da kaina zan kai ƙararka wajen rabbi. Kunya yake ji a san mace ta hana shi. Ya ji kunyar, ya fi in yi takaba."

Na koma ɗaki na gaya wa Tsirel. Ta yi tsalle daga kan gado.

"Bobe, kakata! To mu gaya musu mana! Tun jiya biskit nake ci."

"Mu ce me? Mu ce wa uwar mijinki kakarki ta bi matar mashgiya har bakin teku don ta samo izinin cin kugel?"

"Ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce, 'yar nan. Amma a ɗakin can, duk wadda ta fara cewa abincin ba laifi, ba za a ji 'ba laifi' ba. Za a ji 'ina jin yunwa'. Kina son Getsel ko kina son dankali?"

Ta yi tunani fiye da yadda na so. Sannan ta ce, "Getsel. Amma tsohuwar nan, in na mutu ke za ki aure shi."

Mataki na shida: Ƙi ci, kuma ki ƙi fiye da ta kusa da ke

Daga nan gasa ce, kuma ƙa'idarta ɗaya: duk abin da ta bari, ki bar shi, ki ƙara da wani.

Madam Tishler ta bar nama, na bar nama da kifi. Ta bar burodi, na tambayi inda aka samo gishirin teburi. Ta ce ba za ta ƙara cin komai a farantin otal ba, a kawo na roba. Kafin la'asar ɗakin gaba ɗaya ya koma roba: faranti roba, cokali roba, kofi roba. Kowa ya buɗe akwati ya fito da kifin gwangwani da ya taho da shi daga gida don irin wannan rana. Ki tuna, mace mai hankali ba ta zuwa otal mai ba da abinci sau uku ba tare da guzuri ba.

Meneer Staf ya dubi tangaran ɗinsa jere a kan kanta ba mai taɓawa, fatar idonsa ta yi rawa, ya kira mota ya loda su duka ya aika wa ƙaninsa mai gidan abinci a garin Ostend. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Ni da Madam Tishler muka riƙa zama fuska da fuska, kowace da kofin ruwa. In cikina ya yi ƙugi, ta yi tari don ta rufa min asiri. In nata ya yi, na ja kujera. Akwai ladabi ko a fagen yaƙi. Getsel kuwa wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana kallon Tsirel daga teburin maza kamar yadda Reb Anshel ke kallon tire.

Tuffa ce ta raba gardama. Madam Tishler ta ciro guda daga jakarta ta miƙo min.

"Madam Zissel, ku ɗan taɓa. Daga gida na zo da ita."

Bakina ya cika da yawu. Na ce, "Wace wuƙa ta yanka ta?"

"Ba a yanka ba. Ga ta guda."

"Wa ya wanke ta?"

"Ni."

"A wane famfo?"

Ta dubi tuffar, ta dube ni, ta mayar da ita jaka a hankali. Na ga wani abu a idonta da ban taɓa gani ba: girmamawa. Ta ce, "Gida ne na gaske. Na yarda. A fasa faranti kafin mu kama hanya."

Mataki na bakwai: Tanadi abin fasawa

Ga inda duk masu ba da shawara suke yin shiru, don ba su taɓa kaiwa nan ba.

Kin san al'adar baiko. Iyaye mata biyu su riƙe faranti a naɗe cikin ƙyalle, su doka shi ya tarwatse: yadda ba ya komawa, haka magana ba ta komawa. Ni na tsaya a madadin 'yata. Ranar tafiya ce, akwatuna a bakin ƙofa, motar su Tishler tana jira. Aka taru a ɗakin cin abinci, maza gefe, mata gefe, 'yan mata sun matso don su tsinci ɓaraguzai, kowace ta samu nata mijin.

"A kawo faranti," in ji Madam Tishler.

Aka dubi Meneer Staf. Ya buɗe hannuwa. "Suna Ostend, madam. Ku kuka ce ba kwa so."

Aka kawo na roba. Muka naɗe shi, muka riƙe, muka doka a bayan kujera. Ya lanƙwashe, ya miƙe. Muka sake. Ya suɓuce daga ƙyalle, ya tashi sama, ya tuge hular Reb Tishler, uban Getsel, ya sauka yana juyi a ƙasa lafiya lau, ko tsaga babu. Wani ya hau kansa da takalmi. Ya yi ƙara kamar agwagwa ya dawo yadda yake.

Ba wanda ya yi dariya, don fuskar Madam Tishler ta canza. Matar da ke ganin alama a cikin tuffa, me kike zato za ta gani a farantin da ya ƙi fashewa?

"Wataƙila daga sama ne," in ji ta a hankali. "Wataƙila ana gaya mana mu dakata."

Ta fara naɗe ƙyallen. Getsel ya yi fari fat.

Tsirel ce ta motsa. Ta ratsa ɗakin, ta wuce teburin maza ba ko sannu, ta tsaya a lungu inda Reb Anshel ke zaune da ƙunshinsa.

"Reb Anshel, don Allah ku ara min farantinku. Ba zan dawo da shi ba."

Fuskarsa ta haskaka kamar an kunna fitila. "Ɗauki, 'yata! Ɗauki har da karas ɗin!"

Sai ihu daga ƙofa. "Anshel! Kada ka kuskura! Shi kaɗai na zo da shi! A kan me za ka ci abin da likita ya ce?"

"Wane likita?" in ji Madam Tishler.

"Likitan hawan jininsa mana!" in ji Krendel. "Ba gishiri, ba mai! Me kuke tsammani, don daɗi yake cin karas? Ku da Allah ya ba lafiya kun bar kugel yana komawa kicin tire-tire, shi kuma yana can ciki daga shi sai kugel ɗin, ni ina gadi kamar 'yar sanda! Ai na gaya wa Madam Zissel tun tuni!"

Kawuna suka juyo gare ni gaba ɗaya. Mutumin Landan ya dafe ciki. Madam Tishler ta tako har gabana.

"Kun sani?"

'Yar'uwa, ga darasin da ya fi duk na baya, ki buɗe kunne. In aka kama ki, kada ki kare kanki. Hau sama.

Na gyara tabarau na ce, "Na sani."

"Kun san abincin ba shi da laifi?"

"Na sani sarai. Kuma ban ci ba." "Mu a gidanmu, Madam Tishler, barin haram ba abin yabo ba ne. Kowa na iya wannan."

Na ga tana lissafin yadda za ta wuce wannan, na ga ta kasa. Ta fizge farantin daga hannun Tsirel, ko naɗewa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Riƙe nan!" Muka doka. Ya tarwatse tas, karas ya watsu har kan gemun Reb Tishler, ɗaki ya ɗauki ihun barka, "Mazal tov!", 'yan mata suka faɗa ƙasa suna wawar tangaran.

Motar ta jira. Aka fito da kugel, aka ci shi a farantin roba da cokalin roba, cokula suna karyewa ana ci da hannu. Reb Anshel ya ce tun da ba shi da faranti dole ya ci daga tire, Krendel ta bi shi da allurar saƙa har cikin kicin. Tsirel ta ci yanka uku tana kallona.

Mutum biyu ne kawai ba su ci ba. Bayan abin da na faɗa, ta yaya zan ci? Ita kuma, ina zaune ban ci ba, ta yaya za ta ci? Muka zauna da kofunan ruwanmu, surukai, ƙanshi yana wucewa ta kanmu. Cikinta ya yi ƙugi. Na ja kujera.

Sanarwa

Marubuciya ba ta da alhakin jiri, rama, warin kifin gwangwani a akwati, ko hular da ta tashi. Ba ta da alhakin duk auren da wannan hanya ta ƙulla, balle surukar da ya zo da ita: har yau Madam Tishler ba ta cin komai a gidana, ni ma ba na ci a nata, a gidan Tsirel muke haɗuwa mu sha ruwa, yarinyar tana cin kugel a gabanmu da gangan. Mai tambaya a kan halal da haram ta je wajen rabbinta, kada ta ce ni na aike ta. Wannan takarda ba tambarin kowa a kanta. Wadda kuma take so ta gane ingancinta ta hanyar sa min ido ta ga ko ina bin abin da na rubuta, ta sani na koyi rufe labulen kicin.